A'i Mai Faɗin Sunayen 'Ya'yan Fari

An haifi A'i a wata ruga mai bukka bakwai, tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari. Tana da shekara tara ta fara tallan nono. Mijinta Ɗantala shanu talatin da huɗu gare shi kafin farin 1973. Da fari ya wuce saura shida, ya kora su kudu neman ciyawa, ya bar ta da ɗansu na fari mai shekara uku, da gwaggon Ɗantala, Iya, tsohuwa mai ciwon gwiwa.

A lokacin ina awon jarirai a wani ɗakin shan magani kusa da kasuwa. Benci uku ne da mu, malami ɗaya, Malam Gudaji, shi ke rubuta kati, shi ke yin allura. Ƙa'idarsa gajeriya ce: ba suna ba kati, ba kati ba allura. Matan gari ma ba sa faɗin sunan ɗan fari, amma su Malam ya san gidajensu kaf. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ai Abdulrauf ne na gidan Ubale tela," uwar ta sunkuyar da kai, ya rubuta. Mutanen ruga kuwa bai san kowa ba.

Wata Alhamis cikin bazara A'i ta iso goye da yaron, mil takwas a ƙasa. Ƙyanda ce ta kama shi, kwana biyar, ta sauka a ƙirji, idanu sun manne da kwantsa. Ita ce ta goma sha ɗaya a layi, allura kuwa goma sha huɗu muke da ita. Na ƙirga sau biyu, na ce a raina za ta samu.

"Sunan yaro?" in ji Malam Gudaji.

A'i ta kau da kai, ta dubi bango.

"'Yar Fulani, da ke nake. Ko Hausar tana cikin ƙwaryar nono, kin baro ta a kasuwa?"

"Ina ji, Malam."

"Ɗan wane ne?"

"Na rugarmu ne."

"Rugarku ce za ta sha magani? Je ki zo da uwarsa."

Wata Zuliha da ke bayanta ta ce, "Malam, ai ɗan fari ne, ba ka ga yadda take noƙewa ba?" Na ce masa ya rubuta ɗan Fulani kawai, a yi allura. Ya ajiye biro. "Ɗan Fulani nawa ne a kasuwar nan yau? In mai duba aiki ya zo daga Gumel, ke za ki tsaya masa?" Ya kira ta goma sha biyu.

A'i ta koma ƙarshen benci ta zauna. Sau uku na je na roƙe ta ta raɗa mini a kunne. A karo na uku ta buɗe baki, sai ta ga mata shida daga rugagen wajensu sun zuba mata ido. Ta rufe. Kafin azahar allura ta ƙare.

Washegari ta dawo da Iya a kan jakin aro. Mil ashirin da huɗu ke nan ta taka cikin kwana biyu. Iya ko sauka ba ta yi ba, daga kan jakin ta ce, "Sajo sunansa. Ka ji, ko in ƙara?" Aka yi masa allura daga wadda aka kawo mana da safen nan. Ƙirjin ya sake bayan mako ɗaya, amma idon hagu ya yi fari, bai sake gani da shi ba. Ko kwana ɗayan nan ne ya jawo, ko dama haka zai kasance, ban sani ba. A'i ma ba ta tambaya ba.

Tun daga nan, duk Alhamis sai ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofarmu, ba a rumfar masu nono ba. In yarinyar ruga ta zo da ɗan fari, A'i ta riga ta jiyo sunan a hanya, wajen kaka ko maƙwabciya. Sai ta leƙo ta taga. "Malam, rubuta Cindo." "Malam, wannan Fadimatu ce." Shekara biyar tana haka, na ƙirga yara tamanin da uku. Ciniki kuwa ya ragu, don masu sayen nono ba sa biyowa ta asibiti.

Wata rana a 1979 Malam Gudaji ya ce mata, "Ke fa kin zama ma'aikaciya, saura hula."

"Hular ta zauna a kanka, Malam. Ni benci nake so, ƙafata ta gaji."

Aka ba ta gefen benci na uku. Ta zauna, ta miƙe ƙafa. Mata huɗu na tafe daga wajen kasuwar shanu, biyu da goyo. Ta dube su, ta ce sunan ɗan ɗaya ta sani, na ɗayar sai ta tashi ta je ta tambaya.