Turken Bayan Ɗakina

Shekara biyu bayan an canja kuɗi daga fam zuwa naira, masu awo suka shigo unguwarmu a Gumel. Ranar Alhamis ce, maigidana ya tafi kasuwar Maigatari da fatu. Ina tankaɗe, 'yata tana goye a bayana, sai na ji sallamar mai unguwa: mata su shige ɗaki, maza za su shigo.

Ta ɓular asabari na leƙa. Su uku ne, da doguwar igiya da gwangwanin jan fenti. Babbansu, mai takarda a naɗe a hammata, yana yi wa mai unguwa bayani. Wai hukuma ta yi wa gari sabon tsari: lungunmu zai zama titi, majema su koma bayan gari, kowa ya tsaya a fulotinsa, kuma an hana binne kowa a cikin gida. Suka ja igiya ta bi ta bayan ɗakina. Can na ji ana buga wani abu a ƙasa.

Da suka fita na zaga. Turke ne mai jan kai, an kafa shi daidai inda ɗana na fari yake kwance.

Kwanansa biyar a duniya, ko suna ba a yi ba. Kamar yadda ake yi wa jarirai a lokacin, a bayan ɗaki aka sa shi, Inna, uwar mijina, ta kife tsohon kasko a wurin. Kaskon nan sun shure shi gefe. Na tsaya baki buɗe. Yanzu mota ce za ta riƙa bi ta kansa?

To, ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta ambaton ɗan fari ko yana raye, balle ta yi zancensa gaban surukai. Shekara uku ban ce uffan a kansa ba. Wa zan gaya wa? Ni da aka cire daga aji uku, a zatona titi turke yake bi, in babu turke babu titi. Na girgiza shi har ya fita, na cusa a murhu.

"Ke 'yar nan," in ji Inna, "wane irin ice ne wannan mai warin tsiya? Kashe mu za ki yi da tuwo?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da tuƙi.

Ranar Asabar suka dawo. Babu turke. Babban nasu ya hau faɗa, mai unguwa ya ce cire alamar hukuma laifi ne, sai dai maigida ya bi su gaban alƙali. Mijina yana ta rantsuwa ko ganinsa bai yi ba.

"Wataƙila akuya ce, ɗana," Inna ta ce wa babban nasu.

Ya ce, "Iya, akuyarku da guduma take kiwo? Kamu biyu na nutsa shi da hannuna!"

Na hango mijina yana laluben takalmansa zai bi su.  Ban san sanda bakina ya buɗe ba, daga bayan asabari.

"Ni na cire. Ɗana ne a wurin."

 Inna ta kama haɓa tana salati. Mijina ya zuba wa ƙasa ido. Ni kaina na razana da jin kalmar a bakina.

 Babban nasu ya warware takardarsa, ya sa aka sake jan igiya, ya auna da ƙafa.

"Baiwar Allah, titin nan daga Kano aka zano shi, ba ni da ikon karkata shi. Katangarku za ta faɗi. Amma wurin nan gefe ya faɗo, tsakanin lambatu da sabuwar katanga, inda za a jera itatuwa. Mota ba za ta taka shi ba. Na farko a nan za a dasa."

Haka aka yi. Kafin damina motar gireda ta zo, aka yi rusau, aka ja katanga baya taku shida. Na wayi gari ɗana yana waje, a bakin titi, ni ina ciki. Aka dasa 'yar dalbejiya a gefen kansa, aka kewaye da ƙaya saboda awaki.

Sati biyu Inna ba ta kalle ni ba, ko gaisuwata da ka take amsawa. Na ce shi ke nan, na zubar da mutuncina a gidan nan.

Wata safiya ina shara ta ajiye buta cike a gabana, fuskarta tana kallon wani wajen.

"Yafa mayafinki," ta ce. "Je ki ba ɗanki ruwa."