Tabarmar Asabar da Lahadi

In ka taɓa tsayawa a tashar Agiye ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, to ka ga Ikilima, ko da ba ka san ita ce ba. Doguwa ce mai tabarau, da jaka a hammata, kullum ita ke fara shiga motar Gazawa ta kame gefen taga. 'Yan kamasho sun daina tambayarta inda za ta. Sai dai su ce, "Madam, sati ya zagayo ke nan," ta ce musu ai kuwa ya zagayo.

A wani buro, wato ofis, take aiki a nan Agiye, tana buga takardu, tun zamanin keken rubutu har aka kawo ordinata, wato kwamfuta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna karatu a Maradi. Da can Asabar da Lahadinta ba nata ba ne. Wanki ya ci rabi, suna da biki su raba sauran, kitso ya lashe abin da ya rage, kafin ta miƙe ƙafa Litinin ta yi sallama. Ba ta taɓa kuka da hakan ba, don ba ta da wani abu da take son yi wa kanta.

To amma bari in koma baya kaɗan, don labarin ba a buro ya fara ba.

Ikilima 'yar fari ce. Mahaifiyarta, Kyauta, tana Garin Ɗan Bala, wani ƙauye a bayan Gazawa inda ake noman gero da aya. Mutanen gidan asalinsu masu kiwo ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, Fillancin ma ya bi su, sai kunyar ce kaɗai ta zauna daram. Ana yaye Ikilima aka ɗauke ta aka kai wa gwaggonta Maryama a Gidan Rumji, can ta tashi, can ta yi lakol, wato makarantar boko, har bakinta ya kama Gobiranci. In ta zo ganin gida, sai ta durƙusa a bakin ƙofar ɗaki ta gaida Inna, Inna ta amsa tana kallon wani wajen. Ba ta kiran sunanta, ba ta cin abinci a gabanta. In magana ta zama dole, sai ta ce wa wani, "Ku tambayi baƙuwarku ko ta sha ruwa." Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, Ikilima ma ta sani. Haka ake yi wa ɗan fari. Sai dai sanin abu daban, daina jin zafinsa daban.

Shekarar da Gwaggo Maryama ta rasu, ana kwashe kayan ɗakinta aka ciro wata tsohuwar tabarmar kaba. Cikinta ya cinye, amma bakinta na nan, an daje shi da ja da baƙi, a murɗe kamar kitso, irin wanda Ikilima ba ta taɓa gani a kasuwa ba. Wata tsohuwa a wurin zaman makokin ta ce mata ai Kyauta ce ta saƙa ta, da ita aka haɗo ta ranar da aka kawo ta yaye. Ba a daɗe ba ƙanen Ikilima, Yahuza, ya kira ta ya ce idon Inna na ja da baya. An kai ta likita, an ba da magani na ɗigawa, amma ba a yi musu alkawarin komai ba.

Nan Ikilima ta ƙulla abu a ranta. Za ta saƙa tabarma guda, tun daga tsagar kaba har ƙarshe, kuma wannan dajin bakin a hannun Inna za ta koye shi, tun idon bai rufe ba.

Sai ta gyara satinta kamar yadda take gyara teburinta. Wanki ya koma Laraba da Alhamis bayan an tashi aiki. In an yi haihuwa, sai ta je barka tun kafin suna ta ba da haƙuri. Biki kuwa ta aika da gudummawa. Gaisuwar mutuwa ce kaɗai ba ta ɗagawa. Ƙawayenta suka yi ta tsiya, wai Madam ta tsufa ta koma ɗaliba, wata ma ta ce ko dai wani dattijo ta samu a Gazawa take ɓoyewa. Ita dai dariya take yi. Tana sauka daga mota Yahuza ya ɗauke ta a moto, wato babur, tana shiga gida ta kashe salula ta jefa cikin jaka.

Fadila, matar Yahuza, ita ta nuna mata farko: yadda ake tsaga kaba da farce, a jiƙa ta ta yi laushi, a rina wadda za a rina. Saƙar tabarma doguwa ce kamar ɗamara, ana yi ana naɗewa, sai ta isa sannan a jera a ɗinke gefe da gefe, daga ƙarshe a daje baki. Ikilima takan zauna a inuwar gawon da ke tsakar gida tun da hantsi. Inna kuwa tana bakin ƙofarta, ta ba ta rabin baya, tana ɓarar gyaɗa. Ba ta taɓa juyowa ba, amma kunnenta na wurin.

"Fadila," in ji ta wata Asabar, "wasu dai suna tsaga kaba kamar masu faskare."

"Inna, ai hannun buro ne," in ji Fadila. "Ya saba da dukan ƙarfe."

Ikilima ta sunkuyar da kai tana murmushi. Rabon da a yi magana a kanta haka kusa da kunnenta, ta manta.

Ran Lahadi da la'asar takan naɗe saƙar ta rataye a rumfa ta kama hanya. Da ta dawo Juma'a ta farko, ta tarar saƙar ta ragu. Ta zargi akuya, ta zargi yara. Fadila ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ba akuya ba ce, Inna ce. Ikilima ta duba da kyau. An warware aikinta har zuwa inda ya fara karkacewa, daga nan an saƙa kamar taƙi guda, lumui, a matse, sannan aka bar bakin kabar a buɗe yana jiranta. Ta daɗe tana shafa wannan taƙin.

Haka aka yi ta yi. Ta saƙa kwana biyu, a warware rabi. Da farko abin daɗi yake mata, takan ƙagu ta iso ta ga inda hannun Inna ya tsaya. Amma damina ta shigo ta fara fita, naɗin bai kai ko rabin tabarma ba, ga shi Inna ta fara lalube kafin ta sami butarta. Ikilima mutuniyar buro ce, a wurinta aikin da ba ya ci gaba ba aiki ba ne. Ta auna a ranta, ta ga in aka tafi a haka, idon zai riga ta isa bakin tabarmar.

Sai wata Lahadi ta cusa naɗin a jaka ta tafi da shi Agiye.

Kai, aiki ya yi gudu. Tana tashi daga buro ta zauna a kansa har magariba. Ta ga ma hanyar Gazawa cin lokaci take, zuwa da dawowa, ga jiran mota ta cika, sai ta yi satuttuka ba ta je ba, ta aika wa Yahuza cewa aiki ne ya yi yawa. Wata mai sayar da tabarmi a kasuwar Agiye ta nuna mata ɗinki, ta kuma nuna mata yadda suke yi su: a sa wuƙa a datse jelar kabar da ta fito a gefe, tabarma ta yi fes. Ikilima ta datse tsaf. Saura dajin baki kawai, shi kuwa na Inna ne.

Ranar da ta kai ta, ana tsakiyar haƙar aya, gida duk ƙura da ƙaurin gonar da aka ƙone. Ta shimfiɗa tabarmar a bakin ƙofar Inna, ta koma gefe ta durƙusa, ta ce wa Fadila ta gaya wa Inna ga shi an gama, baki ya rage.

Inna ta ɗora tafin hannu a kai. Ta bi ɗinkin da yatsa, layi bayan layi. Da ta iso gefe sai hannun ya tsaya. Ta shafa, ta sake shafawa, ta bi shi har kusurwa.

"Ce wa baƙuwarku ta yi kyau," in ji ta. "Wadda ta koya mata ta iya."

"Inna, dajin fa take so ki nuna mata," in ji Fadila.

"Da me? An aske ta. Nawa dajin da jelar kabar ake murɗa shi. Wannan sai dai a kai wa masu wuƙar su ƙarasa."

Ta janye hannunta ta mai da shi cikin ƙwaryar gyaɗa.

Ikilima ta naɗe tabarmar ta kai rumfa. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna kusa da Fadila da ke rairayar aya, ta ɗauki rariya ita ma, tana girgizawa ba tare da ta ga abin da ke ciki ba. Can ta ce da an gaya mata tun farko a bar jela, ai da ta bari. Fadila ta ce wa zai gaya mata, tunda ba a kai wurin ba ta gudu da kayan.

Daga nan Fadila ta faɗa mata abin da ba ta sani ba. Ta ce duk Litinin, da an watse an tafi gona, Inna kan sa a miƙo mata naɗin. Ba warwarewa take fara yi ba. Sai ta kwana biyu tana bin sa da yatsa kamar mai jan carbi. Takan ce nan ta gaji, nan sauri take, nan kuwa wani abu na damunta, a tambayi Yahuza ko yaran Maradi lafiya. Sai Laraba take warwarewa, shi ma ba duka kuskuren ba, takan bar wani wai kada a karya mata gwiwa. Litinin ɗin da aka nemi naɗin aka rasa, ta sa an duba bayan rumbu, an duba garken awaki. Da aka ce mata ai an tafi da shi Agiye, sai ta ce to, ba ta ƙara tambaya ba. Amma kowace Juma'a in ta ji kukan moto takan tsai da ɓarar gyaɗa har ya wuce.

Ikilima ta ajiye rariyar. Ta tambaya ko akwai sauran kaba a gidan. Fadila ta ce akwai ɗauri guda a kan rumfa, amma ta sani fa sabuwar tabarma a irin tafiyar Inna sai ta kai wata daminar, idon kuma ga yadda yake. Ikilima ta ce ta sani.

Washegari Asabar ta jiƙa kaba ta tsaga. Lahadi ta kafa sabuwar saƙa a gindin gawo, wannan karon ta ɗan matso da kujerarta wajen ƙofar, ba sosai ba, yadda dai ba za a ce ta yi rashin kunya ba. Fadila ta tafi rijiya, Yahuza na gona, kaji ma sun fita. Gidan ya rage su biyu, babu wanda za a aika da magana. Ba a jin komai sai ƙarar kaba da ɓawon gyaɗa. Ikilima na jan kowane zare da ƙarfi don ya matsu irin na Inna, kabar na ƙara a hannunta.

Ɓarar gyaɗar ta tsaya.

"Ke," in ji Inna, fuskarta na kallon danga. "Sassauta hannu. Ba ta son ja."

Ikilima ba ta ɗaga kai ba, don ta san in ta ɗaga an gama, kunya za ta rufe bakin Inna. Ta sassauta. Ta ci gaba da saƙa a hankali, kunnenta a buɗe, tana jira ko za a ƙara wata. Ba a ƙara ba. Fadila ta dawo da tulu, gida ya cika da hayaniya, Inna ta ce a tambayi baƙuwa ko za ta ci tuwo kafin ta tafi.

Da la'asar Yahuza ya tayar da moto. Ikilima ta naɗe ɗan abin da ta saƙa, bai fi kamu ɗaya ba, ta wuce rumfar ba ta rataye shi ba. Ta ajiye shi a bakin ƙofar Inna, daidai inda hannu zai same shi ba sai an lalube ba, ta durƙusa ta yi sallama. Inna ta amsa wa danga.

A hanya Yahuza ya ɗaga murya saboda iska, ya tambaye ta ko sati mai zuwa ma aiki zai riƙe ta. Ta ce a'a, ya jira ta a tasha ran Juma'a.