Layin Da Kawu Yake Sokewa

Ina neman afuwar manyan da ke wannan zaure na masu gina shafukan intanet. Ni ba 'yar sana'arku ba ce, ɗaliba ce a aji biyar na sakandare, kuma ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba. Na jira mako shida ko wani babba zai yi magana, da na ji shiru sai na ari wayar Umma. Idan na yi kuskure a gafarce ni.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda kuke kira Mai Biro, bayan jinyar kwana tara a asibiti. Shekararsa talatin da huɗu. Ya bar matarsa da yarinya 'yar wata goma.

Kawu, ɗakin aikinka yana nan yadda ka bar shi, har kujerar nan da ka ɗaure ƙafarta da igiya. A gefen teburinka nake yin aikin gida tun ina aji ɗaya, domin nan ne kawai ake samun shiru a gidanmu. Shi ya sa na san yadda kake yanka wa mutane farashi.

Ba ka taɓa faɗin kuɗi a ranar farko ba. Sai ka zaunar da mutum ka yi ta tambayarsa: shafi nawa yake so, wa zai ɗauki hotunan kaya, za a riƙa biya ta ciki ko kallo kawai za a yi. Bayan kwana biyu ka ba shi takarda ɗaya. Rabin kuɗi kafin a fara, rabi ranar miƙa aiki. Gyara sau biyu kyauta ne, na uku da kuɗinsa. Amma ban taɓa ganin ka karɓi na ukun ba. Na tuna mai sayar da takalma da ya dawo karo na bakwai yana cewa, "Ɗan ƙaramin gyara ne kawai." Ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗan ƙaramin gyaran naka ai ya girma, ya isa a sa shi makaranta." Kuka yi dariya, sannan ka yi masa.

A ƙasan takardar akwai layi na ƙarshe, kuɗin shekara-shekara na sunan shafi da wurin da ake ajiye shi. Kakan ce kamar hayar shago ne, idan ba a biya ba a rufe. Manyan kamfanoni suna biyan nasu. Amma idan ƙaramin ɗan kasuwa ya zo layin nan ya yi shiru, sai ka ɗauki biro ka soke shi, ka ce, "Bar wannan, sai kasuwa ta buɗe." Daga nan ka yi rajistar shafin da sunanka, kana biya da katinka na banki kowace shekara, ba ka sake tayar da maganar ba. Umma ta sha yi maka faɗa, "Kai kaɗai ne mai tausayi a garin nan? Ka ga takalminka kuwa?" Sai ka ce mata, "Yaya, ai a zaune nake aiki."

Shafuka goma sha ɗaya ka yi wa haka. Na ƙirga su a cikin fayil ɗin takardunka.

Da aka kai wa banki labarin rasuwarka sai suka rufe katin. Ba wanda ya san abin da zai biyo baya. Shafin mai gyaran waya ne ya fara ɗaukewa, sai na mai sayar da littattafai, sai na makarantar koyon tuƙi, sai na mai takalma. Kullum na dawo daga makaranta nakan buɗe su ɗaya bayan ɗaya a wayar Umma. Huɗu yanzu farin fili kawai suke nunawa. Kwamfutarka a kulle take, ba wanda ya san lambar sirrin, har matarka. Kamfanin da ke ajiye shafukan ya ce a tura takardu ta adireshin imel ɗinka, shi ma a kulle yake.

Kawu, abin da ya fi yi mini ciwo shi ne mai takalma. Ya tsaya a ƙofar gida yana ɗaga murya, maƙwabta suna ji. "Na biya shi cif! Ashe da sunansa ya rubuta dukiyata? Wannan ai cin amana ne!" Matarka tana daga ciki tana riƙe da yarinya. Takardarsa tana hannuna, da layin da ka soke masa, amma ban fita na nuna masa ba. Na kasa kare ka. Yanzu maganar ta shiga kasuwa, kuma na ji har a cikin abokan sana'arka akwai masu cewa da ma haka kake riƙe mutane.

Shekaranjiya mai ɗinki ta zo, tsohuwar nan da ka yi wa shafin kayan jarirai. Ita ta gane abin da ya faru. Ta kwance bakin gyalenta ta fito da kuɗin shekara uku ta ajiye a kan teburinka, ta ce, "Ya ce sai kasuwa ta buɗe. To ta buɗe. A ina ake biya?" Ba wanda ya san inda ake biya. Hayar shafinta za ta ƙare ranar Alhamis mai zuwa.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa abin da ka biya wa mutane a ɓoye ya tarar da kai a can. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kaka, wadda har yau take tambaya ko an kashe fankar ɗakinka, da matarka, da Umma, da yarinyar da ba za ta tuna fuskarka ba. Allah ya ba mu haƙurin da ni dai har yanzu ban samu ba.

Ku kuma iyayena na wannan zaure, ban san ko akwai abin da za a iya yi kafin Alhamis ba, kuma zuciyata ta fara gaya mini babu. Amma takardun nan goma sha ɗaya suna wurina. Idan ba za ku ga na cika rashin kunya ba, ina roƙon ku ba ni izini in sake rubutowa sau ɗaya, in sa hotunansu, ko da mai takalma ne kaɗai zai gani.