Da Na Kira "Likita", Ba Shi Kaɗai Ya Waiwayo Ba

Shekarun baya, lokacin mahaifinmu yana da rai, akwai yaro a gidanmu a Saulawa wanda ba mai kiran sunansa na yanka. Ƙanena ne, autan maza. An haife shi ba a daɗe da rasuwar kakanmu ba, aka mayar masa da sunan tsohon. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Baba ba zai kama sunan mahaifinsa ba, mahaifiyata kuwa ko a mafarki ba za ta faɗi sunan surukinta ba. Sai aka riƙa ce masa Mai Suna, mu ma muka bi.

Yana firamare wani malaminsu ya zo har gida ya gaya wa Baba cewa yaron nan kansa na ja, in aka kula da shi likita zai zama. Da zai tafi ya dafa kansa ya ce, "Sai gobe, Likita." Mahaifiyata tana cikin gida tana ji. Da ta kwashe tuwo sai muka ji ta ce, "Likita, zo ka ɗauki naka." Muka yi ta dariya. Ita kuwa ta samu abin da ta daɗe tana nema, suna mai daɗin faɗi wanda ba kunya a cikinsa. Kafin ka ce kwabo Mai Suna ya ɓace, gari duk ya ɗauki sabon.

Ni dai da ƙyar na gama sakandare. Lissafi ya yi ta kayar da ni har na gaji da tashi, na koma harkar tumatir a Ikara. Saboda haka duk abin da na sani game da jami'a, a bakin ƙanena na ji shi.

Shi kuwa tun da ya shiga sakandare bai taɓa barin na ɗaya ba. Da sakamakon jarrabawar fita ya zo, ba darasin da ya yi rauni. Jarrabawar shiga jami'a ma ya ci makin da shugaban makarantarsu ya ce bai taɓa ganin ɗalibinsa ya samu ba. Tsofaffi suka fara tare shi a hanya suna nuna masa gwiwa, rabi wasa rabi gaske. Gwaggonmu ta Likoro ta rantse ba mai taɓa mata ido sai ɗanta ya gama karatu.

Ya cike takardar neman karatun likita a babbar jami'ar da kowa a yankinmu yake mafarkin shiga. Wani malaminsa ya ja ni gefe ya ce mu yi hattara, gurbin likitanci kaɗan ne, masu nema kuma ba iyaka, gara yaron ya sa wani fanni a ransa ko da ba a dace ba. Da na kai wa Baba maganar sai ya ce in ba a ɗauki wanda ya zo na ɗaya ba, to wa za a ɗauka? Ni ma a lokacin na ga gaskiyar Baba.

Ranar jarrabawar tantancewa ni na raka shi. Ban taɓa ganin yara da yawa haka a wuri ɗaya ba, ko a filin idi. Muka tsaya a inuwar bishiyoyi mu iyaye da yayye muna jira. Da suka fito sai ya ɓace mini a cikin taro. Can na hango ƙeyarsa daga nesa, na ɗaga murya yadda na saba a gida na ce, "Likita!"

Ba shi kaɗai ya waiwayo ba. Kawuna suka juyo ta ko'ina, samari da 'yan mata. Wata yarinya kusa da ni har ta amsa da "Na'am" kafin ta ga ba ta san ni ba, ta rufe fuska da hijabi.

Wani dattijo da ke gefena ya yi dariya ya ce, "Malam, faɗi sunansa. Nan wurin kowa Likita ne a gidansu." Ya ce 'yarsa ce wadda ta amsa, kuma ita ma ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Na kusa da shi ya ce nasa ma haka, kuma wannan ne zuwansu na biyu. Na yi dariya tare da su. Sai a ranar na gane cewa kowace makaranta tana da na ɗayanta, kuma duk su ne aka tara a filin nan.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida, har muka yi nisa. Sannan ƙanena ya ce, "Yaya, ka ga yawansu?" Na ce na gani. Ya ce wanda ya zauna kusa da shi ya riga shi gamawa da nisa, wai da kwamfuta a gidansu, a kanta yake gwaji kullum. Shi kuwa sai da jarrabawa ta matso ya fara taɓa ta. Na ce masa ya bar wa Allah.

Ba a ba shi likitanci ba. An ba shi kimiyyar tsirrai. Malamin nan da ya gargaɗe ni ya sake zuwa ya roƙe shi ya karɓa, ya ce fanni ne mai kyau, wasu ma shi suke nema ba su samu ba. Ni ma na ce ya karɓa. Ya dube ni ya ce, "In je in karanta ganye, in dawo ana ce mini Likita?" Baba ya ce a bar shi ya sake baɗi, tunda kaɗan ya rage.

Ya sake. Makinsa ya ƙaru, amma makin da ake yankewa a kai shi ma ya ƙaru. Kafin zama na gaba Baba ya rasu, ya shiga jarrabawar hankalinsa ba a kwance ba. A wannan karon ko tsirran ba a ba shi ba.

Sunan dai bai canza ba, amma yadda ake faɗinsa ya canza. Waɗanda yake koya wa lissafi a aji, da suka karɓi duk abin da aka ba su a ƙananan makarantu, suka fara dawowa da kakin bautar ƙasa. A majalisa wani zai ce, "Likita, wace allura ake yi wa tumatir in tsutsa ta kama shi?" a fashe da dariya. Ba da mugunta suke yi ba, na sani. Yakan yi murmushi, amma a hankali ya daina zama da su. Ya dawo wurina muna ɗaure kwanduna muna lodi. Ba ya ƙorafi, ba ya kuma taɓa littafi.

Wata rana muna dawowa daga kasuwar Makarfi a kan babur, yana bayana, sai na ji ya ce, "Yaya, don Allah ka gaya wa Inna ta daina." Ban tambaye shi me za ta daina ba.

Na gaya mata. Ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi. Ta koma Mai Suna na ɗan lokaci, amma da zarar hankalinta ya tafi kan aiki sai ɗayan ya suɓuce mata. Ta ce mini, "To me zan ce masa? Nasa na gaskiya ba na iya faɗa, wannan kuma shi bakina ya sani." Ni kuma na gwada kiransa da sunansa na yanka a kasuwa, na kira har na gaji bai juyo ba. Da na taɓa shi ya ce bai san da shi nake ba. Daga baya shi da kansa ya ce a ƙyale Inna. Duk lokacin da ta kira, amsawa yake.

Da damina zazzaɓi ya kama shi. Mun ɗauka irin wanda aka saba ne. Da ya yi tsanani muka kai shi asibiti, suka yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya karɓi abinsa. Ba zan ce rashin samun gurbi ne ya kashe shi ba. Kwanansa ne ya ƙare.

A zaman makoki na shiga cikin gida in gaishe da mata. Akwai wata baƙuwa daga Kudan, dangin matata, wadda ba ta taɓa ganinsa ba. Ita dai ta ji ana cewa Likita ya rasu. Ta matso kusa da mahaifiyata cikin tausayi ta ce, "Allah sarki, ashe likita guda kuka rasa. A wane asibiti yake aiki?"

Mahaifiyata ta ɗago kai ta dube ta. Sannan ta ce, "Ba likita ba ne. Yarona ne." Sai ta faɗi sunansa na yanka, sunan surukinta, a fili gaban matan nan duka, ta ce da shi take so a yi masa addu'a. Gwaggo ta sunkuyar da kai. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar.

Har yau ban samu wanda zan ɗora wa laifi ba. Kujerun kaɗan ne, yaran suna da yawa, kuma waɗanda aka ɗauka su ma sun yi karatu. Mu dai ba mu san cewa yaro zai iya yin duk abin da aka ce ya yi, ya fi kowa a garinsu, kuma a rufe ƙofa yana waje ba. Duk shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir, masu ilimin tsirrai suka zo duba gonaki, nakan tsaya ina kallonsu fiye da yadda ya kamata.

Kwanan baya 'yata ta zo ta ɗaya a ajinsu. Maƙwabciyarmu ta shigo da guɗa tana cewa ga Likitarmu, ga Likitarmu. Na so in hana ta, amma ina gudun ɓata mata rai. Mahaifiyata tana zaune a bakin ƙofa da carbinta, ta tsufa yanzu, ba ta cika magana ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Tana da suna."