Sunan da ba a faɗi da ƙarfi

Shekara bakwai na yi ina goya famfon feshi a garakan albasa na fadamar Madawa, ba ƙyalle a hanci. Da na dawo gida, wajen Tabotaki, jikina ya daina ɗaukar wari. Turare, esansi wato man fetur, sabulun kanti, maganin sauro, ko wanne ya shiga hancina sai kai ya sara, harshe ya yi ɗaci. Wannan mutane sun yarda da shi, don sun ga ina amai.

Na talho, wato wayar hannu, shi ne ba su yarda ba. Bayan an kafa dogon ƙarfen rezo, mai kawo layin waya, bisa tudun garinmu, na fara jin zafi a kunne da wata tsuwa duk sanda waya ta matso ni. Majo na asibitinmu ya auna ni, ya ce bai ga kome ba. Ban ce ya yi ƙarya ba. Ni kaina wata rana kaina ya sara don maƙwabci ya zauna kusa da ni da waya a aljihu, daga baya ya nuna mini ta mutu tun jiya, ba caji. Na yi kwanaki ina tuhumar kaina, ko waswasi ne, ko na ɗora wa mutane wahala a banza. Amma ciwon bai fasa zuwa ba.

Na bar fada, inda muke zaman hira da abokai. A masallaci nakan tsaya ƙarshen sahu ta waje, ina fargabar ko gibin da na bari ya ɓata sallata. Da rana ina wuni a bukkar gona, bayan dutse, inda rezo ba ya kaiwa.

Ɗana na fari yana ci-rani a Abijan. In ya kira, uwarsa takan sa wayar cikin ƙwarya a bakin zaure, ta buɗe murya, ni kuma ina jikin rumbu a ƙarshen gida ina ɗaga murya.

"Kana lahiya?"

"Baba, mi ka ce?"

"Ya ce kana lahiya!" in ji uwar. "Kai Malam, matso mana, ba ta cizo."

Shekara uku haka muke. Maganar da ake yi da ihu ba ta wuce gaisuwa da labarin damina. Ta bakin uwar na ji yana tambaya ko fushi nake da shi.

Sai matarsa ta haihu, namiji, ya aiko cewa ni zan zaɓi suna. A gidanmu kaka ke zaɓa, ya faɗa wa uban a kunne, ba wanda zai ji sai ranar bakwai, mata ma ba a gaya musu. Na kwana biyar ina juya abin. In na yi ihu, har masu daka na maƙwabta sun ji. In na ba uwar ta faɗa, na karya abin da ubana bai karya ba. In na yi shiru, ya tabbata fushi nake.

Ran na shida da hantsi ya kira. Na ce wa uwar ta miƙo ta fita. Ta dube ni, ta aje ƙwaryar a ƙasa, ta tafi. Na ɗauki wayar da yatsa biyu, na kai kunne, na faɗi sunan a hankali.

Sannan ya ce, "Baba, ashe muryarka ta tsuhwa."

Na ce, "Ba hushi ni kai ba. Ka jiya?"

"Na jiya, Baba."

Kunnen ya ɗau zafi, na aje. Ban ma sa masa albarka ba, abin yana damuna har yau.

Ranar suna ina kwance a bukka, rigar sanyi ɗaure a kai. Can Abijan ana yanka rago, nan ba kowa sai awakin wani da suka ratso kara. Na faɗi sunan sau ɗaya da ƙarfi, tunda yanzu ya halatta.