Simintin da na zuba a ƙofar gidana

Shekarun baya, sa'ad da ni da matata da 'yarmu mai shekara shida muka sayi gidanmu na farko a Manchester, wani layi muka samu a bayan Levenshulme wanda ko baƙo ne kai sai ka rage sauri ka kalle shi. Kowane gida da ɗan filinsa a gaba, ciyawa shar, ga shingen shuke-shuke an aske shi tas. Layin yana da ɗan gangare, irin wanda ido ba ya gani sai ruwan sama ya nuna maka. Mu muna can sama. Gida na ƙarshe a ƙasa na wata tsohuwar Baturiya ne, wadda ta taɓa gaya mini a nan aka kawo ta amarya, a nan mijinta ya rasu, kuma daga nan take so a ɗauki gawarta. Mama nake ce mata, don bakina ba ya iya kiran sunan sa'ar uwata gatsau.

Ana nan sai mahaifiyata ta zo daga Kano ganin gida. Ko jakarta ba mu shigar ba ta ja ta tsaya a ƙofa ta riƙe haɓa.

"Yanzu kai da karatunka, wannan dajin ka bari a ƙofar gidanka? Ba ka tsoron maciji? Ga yarinya tana wasa."

Na ce, "Hajiya, ai babu maciji a nan."

Ta ce, "Haka kowa ke faɗa kafin a sare shi. Mu dai a garinmu, gidan da ciyawa ta ci ƙofarsa, ko masu shi sun mutu ko zuciyarsu ce ta mutu."

Kada in ɗora wa Hajiya laifi, abin da ke raina ta faɗa. Inda na tashi, tsakar gida mai siminti da ake sharewa ƙal ita ce alamar mutum ya samu. Ga shi na gaji da yankan ciyawa, na gaji da zagayen neman wurin ajiye mota. Kafin ta koma na samo magini. Na ɗan tambaye shi ko sai an nemi izinin council, wato hukumar gari, ya yi dariya ya ce wa ke dubawa. Ban sake tambayar kowa ba, don na samu amsar da nake so.

Ranar da aka fara tuge shingen, sai ga Mama ta hauro da sandarta tana haki. Ta daɗe tana kallon buhunan siminti, sannan ta ce in taimake ta in bar ko taku biyu ne na ƙasa ta gefen titi, in bar shingen. Ta ce duk ruwan da ƙasata ba ta sha ba, gidanta zai nufa.

Ni kuwa injiniya guda, a raina na ce wurin da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, ruwa nawa zai tara? Amma ba a musu da babba. Na russuna na ce, "To Mama, za a duba." Na raka ta har ƙofarta, da yamma na aika mata wainar da Hajiya ta toya. Kashegari aka malale wurin kaf, har da ɗan tudu a bakin titi don mota ta ji daɗin hawa.

Abin ya yi mini kyau, har hoto na tura gida. Sai dai da yake yanzu ba a ajiye mota a gaban ƙofata, maƙwabcina na jikin gida ya rasa inda zai sa tasa. Ya zo neman lambar magini, na ba shi da murnata. Na gaba da shi ma haka. Ina alfahari wai na kawo wa layi ci gaba. Bayan shekara uku matata ta samu aiki a asibiti a Birmingham, muka sayar da gidan muka koma Edgbaston. Na je yi wa Mama sallama, na ga buhu biyu na yashi a bakin ƙofarta, ban ma tambaya ba.

Shekara goma ban sake taka layin ba. Bikin sunan ɗan wani abokina ne ya kai mu Rusholme, kusa da tsohuwar unguwarmu, da aka watse na ce wa 'yata ta zo in nuna mata inda ta koyi keke. A lokacin tana jami'a, tsarin birane take karanta.

Sau biyu na wuce kwanar ban gane ta ba. Da na shiga kuwa sai na taka birki a tsakiyar titi na ce innalillahi. Babu ko ganye ɗaya tun daga sama har ƙasa. Siminti ne ya tsattsage, motoci sun hau juna, kwandunan shara sun cika sun zube, ga katifa an jingine jikin katanga ruwa ya jiƙa ta. Ƙofar gidanmu, da na fenta da hannuna, ƙararrawa shida na ƙirga a jikinta, an yanka gidan ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya. Na gangara ƙasa da ƙafa. Gidan Mama an toshe tagoginsa da katako, jikin bangon kuma ga shatar ruwa har kusan gwiwata.

Nan na buɗe baki. Na zagi masu sayen gidaje suna yankawa kamar tsire, na zagi dokar da ta ƙyale su, na zagi mutanen yanzu da ba su san darajar unguwa ba. 'Yata kuwa waya kawai take latsawa. Can ta ce, "Baba, zo ka ga wani abu. Akwai hotunan titin nan na kowace shekara online."

Ta nuna mini na farko, layi kore shar yadda na san shi. Ta matsa gaba. Layin yana nan kore, sai tabo ɗaya fari a can sama, da wata mota ruwan toka a kansa. Motata ce. Ta sake matsawa, tabo uku. Ta sake, rabin layi. Ina kallo farin yana gangarowa gida bayan gida har ya iso inda muke tsaye.

Ta ce a hankali, "Baba, ka nemi planning permission, izinin gini, kuwa? In za ka rufe wuri kamar wannan da abin da ba ya shan ruwa, dole ne. Saboda drains, magudanan ruwa ba sa iya ɗauka."

Na ji kunya ta rufe ni a gaban 'yar cikina, sai na kama borin kunya. Na ce in da laifi ne, me ya sa ba wanda ya taɓa ce mini uffan?

Amsar ba daga bakinta ta fito ba. Wani dattijo ɗan Pakistan da gidansa ke kallon gidan Mama, wanda muke haɗuwa a masallaci a da, ya gane ni ya fito muka gaisa. Shi ya ba ni sauran labarin. Ya ce sau uku ruwa yana shiga gidanta. A na ukun aka same ta zaune a kan matakala, kafet yana yawo a ƙasa. Inshora suka janye, ɗanta ya zo ya kai ta gidan kula da tsofaffi tana kuka, kuma a can ta cika. Ganin haka gidaje na ƙasa suka faɗi, masu iyali suka yi ta sayarwa da arha suna gudu, masu yanka ɗakuna suna saye.

Sai ya dube ni ya ce, "Ka san tun farko ɗanta ya so ya kai ƙararka council? A gabana aka yi. Ita ta hana. Ta ce yaron kirki ne, Mama yake ce mini, kuma ya ce zai duba."

Ban san yadda na koma mota ba. 'Yata ce ta tuƙa mu har Birmingham.

Na sani ba simintina kaɗai ya kashe layin nan ba. Hannaye da yawa ne, kuma da an tsare doka a kan masu yanka gidaje da abin bai kai haka ba. Amma laifi tudu ne, na hau nawa ina hango na wasu. Da ina ɗaukar dokokin gini a matsayin fitinar Turawa, a hana mutum sakewa a gidan da ya saya da guminsa. Ashe wannan dokar da na tsallake, ba don council aka yi ta ba. An yi ta ne don wanda gidansa ke ƙasan gangare, wanda ba shi da abin kare kansa sai ya hauro da sanda ya roƙe ka.

Gidanmu na yanzu ciyawa ce a gabansa, kuma duk zuwan Hajiya sai ta yi mitar maciji, ni dai sai in yi murmushi. Abin da ban iya ba har yau shi ne in ce wa mutum za a duba. Da kalmar ta zo bakina sai in ga tsohuwar nan tana gangarawa gida da sandarta, hankalinta kwance, don ta yarda da ni.