Gwaggo Tasalla Mai Taɓa Toka

Duk wanda ya zauna Madarunfa ya san sallamar Gwaggo Tasalla, ƙanwar ubana. Ba ta tsayawa jiran a amsa. Sai dai ka gan ta tsugune gaban murhunka da sassafe, ta cusa hannu cikin toka. In da ɗumi ta fita tana zagin hayaƙinku. In ta ji sanyi, to, gidan an kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma kun shiga uku da ita. Tun shekarar da fara ta cinye gonaki ta ɗauki wannan aiki, ba wanda ya sa ta. Mahaukaciya kuka riƙa ce mata, ina ji da kunnena.

Ba ta taɓa ba mutum abu da sunan sadaka ba, da faɗa take bayarwa. Kun tuna Baba Nomau masunci, mai girman kan nan da ya fi son ya mutu da a ce ya roƙa? Ta dire masa damin gero a ƙofar ɗaki.

"Kai Nomau, ɗauke mini tsiyar ga! Ƙwari sun gama da shi, ko jakina ya ƙi ci."

"Ni za ki ba abin da jaki ya ƙi?"

"To wa zan ba? Kai ka hi shi haƙora!"

Ya ɗauka yana ƙunƙuni. Geron kuwa ko ƙwaro ɗaya babu.

Haka ta kutsa gidan gardin da ke tsaron rumbun tsimi, wanda kumandan, Baturen mulki, ya tilasta kowa ya zuba hatsi a ciki. Ta cusa hannu cikin tokar murhunsa, ta zabura tana yarfewa.

"Wayyo! Gari duk sanyi, nan murhu har yana cizo. Ashe ga inda hatsinmu ka kwana!"

Gardi ya ɗaga bulala, ta miƙa masa hannun: "Buga nan, nan ne bai gama ƙonewa ba."

Ni ta koya wa aikin, da ranƙwashi. Ran da na tambayi wata bazawara ko sun ci abinci, muna fita ta sakar mini guda a tsakiyar ka.

"Ke Hajo, wace uwa za ta ce miki ɗiyanta sun kwana da yunwa? Rufe bakin ga, ki sa hannu."

To yau ga abin da ke cina. Aure ya kai ni Safo. Damina ta yi nisa, rumbuna suka ƙare, ta rabar da nata kaf. Kun gan ta tana ramewa, kun tambaye ta, ta ce ta ƙoshi har tana gyatsa, kuka yarda! Ku da ta taɓa tokarku shekara da shekaru, a rasa mutum guda da zai tsuguna gaban murhunta? Da labarin rasuwarta ya iske ni na zo, kafin in shiga ɗakin da aka shimfiɗe ta, sai da na sa hannu. Tokar har ta daskare, kaji sun yi wanka a ciki.

Yanzu kuma kowa na cewa baiwar Allah ce. Ku riƙe yabonku.

Allah, Kai da ba sai an gaya maka ba, ka ciyar da Tasalla, ka sanyaya makwancinta. Amin.